Milimita Tara a Tebur na Bakwai

Abu Hail, Dubai.
Laraba, ƙarfe biyu da minti ashirin na rana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Mamana.

Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a cikin jirgi, ko a ɗakin kwananki na makaranta a Ankara. Allah ya tsare miki hanya, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Yanzu na shigo daga sallar azahar. Ke da Ummanki kun tafi kasuwar Karama neman rigar sanyi, kun ce kafin la'asar kun dawo. Na san ba za ku dawo ba, don haka ina da aƙalla awa biyu. Jirginki gobe ne, ƙarfe tara da rabi na safe. Babban akwatinki yana gabana a kan sikeli, kilo ashirin da biyu da giram ɗari shida. Jiya kilo goma sha tara ne da ɗari biyu. Abin da ya ƙaru matokarin bayan bindiga ne, wanda kika ciro shekaranjiya kika ɗora a kan firij kika ce, "Abba, riƙe abinka. In ba ka kusa ba zan iya saita shi ba. Gara in haƙura da harbin in fuskanci karatu." To, na mayar da shi. Na naɗe shi da tsohon zanen Ummanki, yana ƙarƙashin takalmanki. Ban gaya miki ba don kada mu yi musu a ranar sallama.

Ba na so ki bar harbi a kan dalilin da ba gaskiya ba ne, shi ya sa na zauna rubutun nan. Ki yi haƙuri da tsawonsa. Mutumin da ya shekara shida yana karatun yamma, ya karɓi digirin injiniya kwana goma sha tara da suka wuce yana da shekara hamsin da ɗaya, ba ya iya taƙaita magana. Zan fara da kurakuraina, don su na fi sani.

Shekara takwas ke nan da wani abokin aikina na wurin awon kaya a Port Saeed ya ja ni zuwa kulob ɗin harbi na bayan gari. Kina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Na ga mutane zaune a teburan siminti, kowa ya ɗora bindigar iska a kan matokari biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya ƙarƙashin gindin bindigar. Takarda tana can mita ashirin da biyar, da zobba ashirin da biyar a jikinta, kowane zobe harsashi ɗaya, minti ashirin a gama. Iyakar maki ɗari biyu da hamsin. Na ce a raina, bindiga a ajiye, mutum a zaune, ina abin wahala? Aka ara mini ta kulob na gwada, na ci ɗari da tamanin da shida, na koma gida ina jin haushin kaina.

Yawancinsu a lokacin jakar fata suke sawa a baya, cike da yashi. Na kai wa wani mai gyaran takalma a Karama ya ɗinka mini tawa. Da na zo cikawa sai na tuna da geron da Hajiya, mai sunanki, ta aiko mana daga Kano don kunun azumi. Ƙananan ƙwayoyi ne, masu tsabta, girmansu ɗaya, na ga ai sun fi yashi. Na ɗebi kwano guda ban gaya wa kowa ba. Wata biyu na farko ban ga komai ba. Da zafi ya shigo, da irin laimar garin nan da ke jiƙa wa mutum riga yana tsaye, sai jakar ta fara canza hali. Yau ta kumbura ta yi tauri, jibi ta saki, bindiga tana nutsewa a hankali ina cikin saiti. Na zargi harsashi, na zargi madubin bindiga, har idona na kai aka duba. Ranar wata gasa, ina kan zobe na tara, sai ga ƙwari suna fitowa ta bakin ɗinkin a jere, suka nufi teburin maƙwabcina, wani dattijo ɗan ƙasa mai farin gemu. Ya bar madubinsa ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Habibi, su ma sun yi rajista?" Da na faɗa a gida Ummanki ta ce, "Ashe kai ne ɓeran da nake nema tun Sha'aban."

Abin da za ki jingina bindiga a kai kada ya zama abin da yanayi ke juyawa. Wannan matokarin ƙarfe ne, amma ɗan matashin fatar da ke samansa yashi ne a ciki, busasshe mai nauyi. Kada ki bar shi a mota, kada ki ajiye shi kusa da abin ɗumama ɗaki, kuma ki matsa shi da yatsa kafin kowace gasa ki ji ko ya saki. Mutanen da za ki jingina da su ma haka, ki bari ki gan su a yanayi fiye da ɗaya tukuna.

Bayan shekara biyu na samu wannan mai noti. Noti ɗaya yana kai bindiga sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama, ga ƙafafu uku masu daidaituwa da ɗan lebur mai kumfar ruwa irin na magina, mai nuna ko ya karkata. Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe sabuwa ce ta fara. Duk harsashin da ya kauce sai hannuna ya kai kan noti. Ya faɗa hagu, in murɗa dama. Na gaba ya faɗa dama, in murɗa hagu. Na yi wata shida ina bin harsashin da ya riga ya tafi, makina ya sauka ƙasa da wanda nake ci da jakar gero. Abu biyu ne ban gane ba. Na farko, iska ce ke ture harsashin, tutocin iska suna gabana suna faɗa mini amma ban ɗaga ido na dube su ba. Na biyu, zaren noti yana da ɗan sako-sako. In kika murɗa gaba sannan kika dawo baya, akwai ɗan tazarar da noti zai juya ƙarfen bai motsa ba, sai kin ja kunama ya zauna da kansa. A shekarata ta biyu a makaranta malami ya zana wannan abin a allo, na yi dariya da ƙarfi har yaran ajin suka juyo suna kallon tsohon da ke kujerar baya.

Tsakanin matokarin gaba da na baya rabin mita ne, takarda kuma mita ashirin da biyar. Ke nan duk motsin da gindin bindiga ya yi, a takarda ya ninka sau hamsin. Rabin milimita a hannunki ya zama milimita ashirin da biyar a can, alhali zoben goma ɗan mitsitsi ne. Don haka kullum ki ƙare murɗawa ta ɓangare ɗaya, ni dama nake ƙarewa. In kin zarce, ki koma baya rabin zagaye cikakke, ki sake tahowa a hankali. In harsashi ya kauce, ki fara duban tutoci, ki duba kafaɗarki ko ta danne bindiga, noti shi ne na ƙarshe. Makin jarrabawa ɗaya ma in ya zo ba daɗi, kada ki birkita komai a daren nan. Ki jira na biyu.

Akwai kuma ranar da na yi tuƙin awa ɗaya da rabi zuwa gasar wani kulob, alƙalin fili ya dubi matokarin ya girgiza kai. A rukunin da na yi rajista jakar yashi kawai aka yarda da ita a baya, mai noti sai a rukunin da ake barin kowane irin kaya. An rubuta a takardar dokoki, shafi na biyu, ni ne ban karanta ba. Na zauna a inuwa na sha shayi na kalli wasu suna harbi. Ki karanta dokar kowace gasa da idonki, kada ki dogara da "an ce".

Sai maganar Alhaji Ɗanjuma. Kin san matsayinsa a wurina. Shi ya sauke ni a ɗakinsa da na zo garin nan shekara ashirin da biyu da suka wuce, shi ya nuna mini hanyar aiki. Wata Asabar ya ce zai zo ya ga wasan da ya hana ni zuwa hira shagonsa. Ina kan zobe na goma sha huɗu, ban zubar da maki ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba, sai na ji sallamarsa a bayana. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na miƙe zumbur, gwiwata ta bugi tebur, gwiwar hannuna ta ture matokarin. Na rusuna muka gaisa, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya mutanen Kano, agogo yana tafiya. Kafin alƙalin fili ya iso ya janye shi, Alhaji ya kai hannu ya murɗa notin sama yana cewa, "Wannan kuma na mene ne, rediyo ne?" Kunya ta hana ni cewa ya bari. Na ƙare da ɗari biyu da talatin da ɗaya.

Mamana, ki girmama manya, haka muka tashi kuma haka na tashe ki. Amma minti ashirin ɗin nan naki ne. Ki gaida kowa kafin a fara, ki gaida kowa bayan an gama. Wanda ya ce ki ara masa matokari ana tsakiyar gasa, ki ba shi haƙuri da murmushi, ki ce sai an tashi. Babu wanda ya taɓa mutuwa don an ce masa ya ɗan jira.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda ya sa kika ɗora matokarin nan a kan firij.

Kin fara harbi kina da shekara goma sha shida. Tun ranar farko har zuwa Asabar ɗin da ta wuce, ni nake kafa miki shi. Ni nake duba kumfar lebur, ni nake ɗaure ƙafafu, ke sai ki zo ki zauna. Sau biyu kin ce, "Abba, bari in gwada," na ce lokaci ya ƙure, wani satin. Lokaci bai ƙure ba. Tsoro nake ji kada ki sha irin kunyar da na sha a gaban mutane, kuma, gaskiya, ina jin daɗin a ce ana buƙatata. Na shekara uku ina koya miki cewa ba ki iya ba, ban sani ba. Laifina ne, ki yafe mini.

Amma ga abin da ya faru ranar Asabar, a gasar ƙarshen shekara ta kulob, yadda na gan shi kuma yadda na auna shi.

Ƙuri'a ta ba ki tebur na bakwai. Mu kuwa kullum a na uku muke atisaye. Kin san kwalin nan da na yanka daga wani katan na wurin aikina, mai huda uku inda ƙafafun matokari ke zama. A tebur na uku na auna shi. Na shimfiɗa shi a na bakwai, na manna tef, na ɗiga alama da fensir, na kafa matokarin a kan alamomin. Saura mataki ɗaya: a zura bindiga gaba da baya ana kallo ta madubi, a ga ko saitin yana tafiya a miƙe ko yana zamewa gefe. Ina kai hannu sai na ji, "Injiniya! Injiniya da kansa!" Alhaji Ɗanjuma ne da mutanensa biyu, sun zo yi mini murnar digiri. Tunda ba ni ne mai harbi ba, ba ni da uzuri. Muna cikin "ashe an gama" da "Allah ya sa albarka" alƙalin fili ya tafa hannu ya ce, "Yalla, halas, lokaci ya yi, kowa bayan layi." Na tsaya a bayan layin rawaya na san ban yi gwajin ba. Rigata ta jiƙe, kuma ba zafi ba ne.

Kika harba na gwaji guda biyu. Kika tsaya. Kika zura bindigar gaba da baya sau uku idonki a madubi. Sai na ga kin ɗaga gindinta, kin matsar da matokarin, kin sunkuya kina duban kumfa, kina murɗa ƙafar hagu. Kika sake zurawa sau biyu. Minti huɗu cikin ashirin suka tafi a haka, sauran mutane har sun kai zobe na shida.

Alhaji ya taɓo ni ya ce, "Kai, yarinyar nan tana ɓata maka saiti fa. Yi mata magana mana."

Na ce, "Alhaji, don Allah yi shiru."

Shekara ashirin da biyu ban taɓa gaya masa haka ba. Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya kuwa yi shirun.

Daga nan kika fara. Ina da madubin hangena, ina ƙirgawa a zuci. Goma, goma, goma. Hannunki na hagu yana kan noti, kullum yana ƙarewa dama, ba gaggawa. A zobe na goma sha ɗaya kika ci tara, ban ga kin taɓa komai ba, kika dubi tutoci kawai kika ci gaba. A na goma sha bakwai iska ta juya, tutocin suka miƙe suna nuna hagu. Na ji harbi yana tashi daga sauran teburan, mutane suna tsoron agogo. Ke kuwa kika sauke hannu kika ɗora a cinya. Na duba agogona, minti ɗaya da daƙiƙa ashirin kina zaune kamar mai jiran a kawo abinci. Ɗaya daga mutanen Alhaji ya raɗa masa, "Ko ta manta ne?" Tutoci suka kwanta, kika ɗauka daga inda kika tsaya. Kin ƙare saura daƙiƙa hamsin.

Ɗari biyu da arba'in da takwas. Mutumin da ya riƙe kofin shekara uku a jere ya ci ɗari biyu da arba'in da bakwai, ya taso da kansa ya dafa ƙirji ya gaishe ki. Dattijon nan mai farin gemu yana ta "Masha Allah" har muryarsa ta dushe. Alhaji kuwa ya fito da waya yana kiran Kano, yana cewa, "'Yarmu ta kayar da su duka, Larabawa da Turawa da Indiyawa, a gabana aka yi!" Ni kuwa ke nake ta kallo. Ranar da aka kira sunana aka miƙa mini digiri ban ji rabin abin da na ji a wurin nan ba.

A mota kika ce, "Abba, saitinka ya yi kyau yau, ɗan taɓawa kawai na yi." Na yi murmushi na karɓi yabon. Wannan ma kuskure ne, kuma shi ne mafi sabo.

Kafin mu kwashe kaya, kina can ana ɗaukar ki hoto, na fito da ma'aunina na auna. Ƙafafun matokarin sun bar alamomin fensirina da milimita tara zuwa dama. Ƙafar hagu, wadda na ɗiga wa jan fenti, ta yi zagaye ɗaya da rabi daga inda na bar ta. Tebur na bakwai ba ya fuskantar takardarsa sak kamar na uku, kuma ya ɗan karkata. Kwalina bai san da haka ba, ni ma ban sani ba. Ke kika gano da harsashi biyu.

Ban tsaya nan ba, kin san halina. Ranar Litinin na ɗauki hutun rabin yini na koma. Tef ɗin yana nan a manne. Na karɓo bindigar daga ma'ajiyar kulob, na buɗe gwangwanin harsashin da kika yi amfani da shi. Na harba takarda ɗaya da saitina, na ci ɗari biyu da talatin da shida, harsasai suna ta zamewa hagu. Na matsar da shi inda kika sa shi, na harba ta biyu, na ci ɗari biyu da arba'in da huɗu. Rabona da wannan makin tun bara. Gwaji ɗaya ne, na sani, kuma iskar Litinin ba ta Asabar ba ce, malamaina ba za su karɓe shi a matsayin hujja cikakkiya ba. Ni na karɓa. Takardun biyu suna cikin ambulan ɗin nan, na rubuta sunan mai saiti a bayan kowace. Da kin harba da saitina, da kofin nan ba ya kan talabijin ɗinmu.

Don haka maganar "in ba ka kusa" ta faɗi. Ina bayan layi, ina gaisawa da Alhaji, na bar miki aiki a karkace, kika gyara shi agogo yana tafiya, kika ci. Kwalin ban sa miki shi a akwati ba, na jefar da shi. Ki riƙa auna kowane tebur da kanki. Ni zan koma jakar yashi, ta ishe ni.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci kafin gasa, hannun mai jin yunwa rawa yake yi. Ki kira Ummanki ko ba ki da labari. Allah ya yi miki albarka, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya buɗa miki karatu, ya dawo mana da ke lafiya. Na ba wa Allah ajiyarki.

Naki,
Abba.

Akwai abubuwan da na bincika ban samu tabbaci ba, gara ki san su:

Ban sani ba ko ma'aikatan filin jirgi za su ce a buɗe akwatin in sun ga ƙarfen a na'ura. Na sa takardar kulob mai bayanin ko mene ne shi a aljihun gaba.

Ban sani ba ko kulob ɗin jami'arku yana da rukunin da ake yarda da matokari mai noti. Na aika musu tambaya sau biyu, ba su amsa ba tukuna.

Ban san irin bindigar da za su ba ki ba, ko gindinta zai zauna daidai a kan matashin.

Ban san yadda sanyin can zai yi wa man da ke jikin zaren noti ba. Yana iya yin kauri. Ki murɗa shi a ɗaki tukuna ki ji.

Ban san ko rigar da za ku sayo za ta shiga cikin giram ɗari huɗun da suka rage ba. In ba ta shiga ba, ki sa ta a jikinki.

Kuma ban san maki nawa za ki ci ba ranar da kika fara zama a teburin da ban taɓa gani ba. A duk jerin nan, wannan ne kaɗai bai tayar mini da hankali ba. Ki turo mini hoton takardar.